Gonar da Baba Ya Shafa wa Farar Ƙasa

Babana mai shafen farar ƙasa ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana yawo da tsani a kafaɗa da bokiti a hannu, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai Mai Tsani. Azuzuwan makaranta, ɗakunan asibiti, shaguna, katangar duk wanda ya ga dama, babu inda buroshinsa bai taɓa ba. Muna yara, idan ya dawo da yamma gira fari, gashin hannu fari, mukan ce Baba ya tsufa a wurin aiki, sai ya yi wanka zai dawo yaro. Mutum ne mai shiru-shiru, amma a kan aikinsa ba shi da sauƙi ko kaɗan. Shafe biyu yake yi wa kowane bango, daga kusurwar dama yake farawa, kuma idan ya gama ko ƙuda ba ya son ya sauka a kai, balle yatsan yaro. Ni kaina na sha rankwashi a kan haka.

Shanun gidanmu kuwa na Inna ne, mahaifiyarmu. Uku ne: tsohuwa mai karyayyen ƙaho, da 'yarta, da wata jar karsana marar jin magana. Inna ke yankar musu ciyawa a filin bayan gida, ita ke tatsa, ita ke taya su hira. Baba bai taɓa kallonsu sau biyu ba. Da Inna ta rasu sai ga shi ya jingine tsani ya ɗauki laujenta, ba tare da kowa ya ce masa ya yi ba. Wata rana na zo daga birni na tarar da shi a bakin turke yana gaya wa tsohuwar saniyar cewa yau ƙafarsa ta dame shi.

Matsalar ita ce filin ya gaji. Shekara da shekaru ana yanka ana kwashewa, ba a mayar masa da komai. Ƙasar ta yi ja, ta ƙeƙashe, ciyawar da take fitarwa siririya ce, rawaya, ko idon sawu ba ta rufewa. Dole Baba ya riƙa tafiya har bakin rafi ya yanko dami ya ɗauko a ka, ga shi yana ɗingishi tun wata faɗowa da ya yi daga tsani. Ranar da maƙwabcinsa ya buga min waya ya ce an tsinci Baba zaune a gefen hanya, dami ya danne masa wuya ya kasa miƙewa, ranar na ce magana ta ƙare.

Ni ungozoma ce. Na saba in ce a yi kaza a yi, ba na jiran sai an gama shawara. Na iso gida ko ruwa ban sha ba na ce, "Baba, ka tattara kayanka. Na gyara maka ɗaki a wurina."

"Shanun fa, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, kuma a cewarsa har faɗanta na gada.

"Kawu zai karɓe su ya haɗa da garkensa." Kawu ƙanin Inna ne, makiyayi, yana can nesa.

"Filin nan zai ciyar da su."

"Wane filin? Wannan da ko akuya ba zai ƙosar ba?"

Ya murza gemu ya ce, "Ki ba ni damina ɗaya. Idan ruwa ya ɗauke filin bai iya riƙe shanu uku ba, in bi ki, ko tari ba zan yi ba. Idan kuwa ya riƙe su, ki ƙyale ni a gidana."

Na yarda, don na tabbata ni ce da nasara. Don ma in rufe bakinsa, da kaina na je na ɗauko malamin gona, ina so ya faɗa masa a gabana cewa filin ya mutu.

Malamin gonar mutum ne mai fara'a da ƙaton takalmin roba. Ya zagaya filin yana tono ƙasa nan da can, ya zuba kaɗan a wata 'yar kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza, ya tsoma siririyar takarda. Takardar ta sauya launi. Ya ce, "Baba, filinka bai mutu ba. Tsami ƙasar ta yi."

Baba ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana, ya tofar. "Ni dai ban ji tsami ba, ɗana."

Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba tsamin da harshe ke ji ba ne, saiwa ce ke jin sa. Idan ƙasa ta yi haka, sai ta damƙe abincin ta hana ciyawa, ko buhu nawa na taki ka zuba rabi asara ne. "Maganinta kuwa," in ji shi, "farar ƙasa."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta yi haske irin na wannan lokacin ba. "Farar ƙasa? Tawa?"

"Ta gona dutse ne da aka niƙa, amma taka ma za ta yi idan aka bi a hankali."

Ya shiga bayani dalla-dalla. A watsa ta a bushe, a bi ta da fartanya a juya ta shige cikin ƙasa. A jira wata ɗaya da rabi kafin a sa takin zamani, don idan suka haɗu ƙarfin takin tashi yake yi ya bi iska. Takin ma kada a zuba shi gaba ɗaya, a raba, kaɗan bayan kowane yanka. Ni ina ta gyaɗa kai. Baba kuwa tun daga kalmar farar ƙasa kunnensa ya tafi hutu. Idonsa na kan filin, yana auna shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, leɓensa na motsi, lissafin bokiti yake yi.

Da na raka malamin wurin babur ɗinsa, ya rage murya ya ce, "Malama, ki gaya masa kada ya sa rai da wannan daminar. Farar ƙasa mai nawa ce. Ko an yi komai daidai, sai a damina ta biyu ake ganin aikinta sosai. Haƙuri zai yi."

Na ce, "To, zan gaya masa."

Ban gaya masa ba. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar babur na nisa, na auna maganar, na haɗiye ta. Ina son ubana kusa da ni, inda zan ji tarinsa ta bango.

Mako biyu bayan haka na dawo da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba. Na zagaya bayan gida, sai na tsaya cak.

Filin ya zama fari fat. Daga gindin katanga har zuwa shingen maƙwabta, fari ne shimfiɗe, sumul, gefunansa a miƙe kamar an ja su da zare, kuma ashe da zaren aka ja su. Raɓa na tashi a kansa a hankali, ba ka iya gane inda ƙasa ta tsaya da inda iska ta fara. Balbelu sun sauka a tsakiya sun ɓace, sai ƙafafunsu kawai kake gani suna tafiya su kaɗai. Shanun nan uku sun jeru a turke suna kallo, ko tuƙa ba sa yi. Na daɗe a tsaye. Sai na ji kamar ina da shekara bakwai, Inna ta shanya zannuwan gado a tsakar gida ta hana mu gudu a tsakaninsu. Har ƙamshin ma na so in ji.

Can a ƙarshen filin ga Baba yana tafiya da baya, da doguwar sanda an ɗaura mata buroshi, yana tsomawa a bokiti yana shafawa. Kusa da shi ganga ce cike da farar ƙasa da ya jiƙa ya tace da ƙyalle, yadda ya saba. Shafe na biyu yake yi.

"Kada ki taka!" Ko sannu da zuwa bai yi min ba.

"Baba, mene ne haka? A bushe aka ce ka watsa! Ina fartanyar?"

Ya miƙe, ya dafa ƙugu, gira fari kamar dā. "In shafe sannan in bi in kankare? Wane mahaukaci ne ke shafe bango ya bi shi da fartanya? Uwata, shekarata arba'in da abin nan a hannuna. Yaron nan a takarda ya san ta, ni kuwa ta ci min fatar hannu."

"Wannan ba bango ba ne, gona ce!"

"Bango ne da ya kwanta."

Washegari kuma ya kwance buhun taki, farin nan mai kama da sukari, ya watsa shi duka a kan shafen tun da ɗanyensa. Wai don ya kama, kamar yadda yake zuba gishiri a cikin farar ƙasa don kada ta goge a jikin riga. Kafin hantsi wani wari ya tashi, mai yaji, mai sa hawaye, irin na ban-ɗakin asibiti idan mai shara bai zo ba. Na ce masa takinsa ne ke guduwa. Ya shaƙa ya lumshe ido ya ce, "A'a, aiki ya fara." Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Maƙwabta suna leƙe ta shinge suna dariya, wani ya ce saura a yi wa filin taga da ƙofa.

Daga nan damina ta kankama. Duk ƙarshen mako ina zuwa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya nake samunsa: ya jingina tsani da katangar baya, ya hau mataki na uku ya zauna, yana kallon fili. Ruwan farko ya huhhuda farin. Na biyu ya mai da shi ruwan toka. Kafin wata guda babu sauran alamarsa, sai a gindin duwatsu. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce bai taɓa yin aikin da ya goge da wuri haka ba, da a jikin gidan mutane ne da kunya ta hana shi fita.

Da safe idan muna shan shayi yakan ba ni labarin mafarkinsa. Wai ya ga filin ya miƙe tsaye, ya zama katanga mai tsawo har cikin gajimare. Ya kafa tsani ya yi ta hawa, ƙafarsa ba ta ciwo, matakai na ta ƙaruwa. Da ya kai sama sai ya tarar da shanun sun riga shi isa, suna kwance suna tuƙa, jar karsanar ma ta yi ladabi. "To ta ina suka bi?" yake tambayata da gaske, kamar ni ce na san hanyar. Nakan ce masa ya sha maganinsa.

Ciyawar ta fara da ƙonewa a baki-baki, sannan ta farfaɗo. Ba zan zalunce ta ba, ta ɗan fi ta bara kore. Baba yana auna ta da ƙotar buroshi, yana tsaga alama da wuƙa duk bayan kwana bakwai. Alamomin sun yi kusa da juna ƙwarai. Yakan duƙa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, yadda Inna ke yi wa shanu. Wata rana na ji yana ce mata, "Ki daure mana. Yarinyar nan ba ta da haƙuri."

A wannan ranar maganar malamin gona ta zo min har bakin leɓe. Na buɗe baki, sai na ga yadda yake jan ƙafa zai koma kan tsani, na tambaye shi ko in ɗora masa ruwan zafi.

Da ruwa ya ɗauke, ciyawar ba ta wuce ƙwauri ba. Yanka biyu ta ƙare. Bai jira na tuna masa da alkawarinmu ba. Na iso na tarar ya naɗe tabarmarsa, ya wanke buroshinsa ya ɗaure su wuri ɗaya. Kawu ya zo da babbar mota. Jar karsanar ta turje, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Tsohuwar kuwa Baba ne ya ja ta da kansa, ya hau da ita, ya daɗe a cikin motar yana shafa mata wuya har direba ya fara danna ham. Da ya sauko ya ce min, "Mu je, Uwata." Ya cika alkawari, ko tari bai yi ba. Na ci nasara, kuma ban ji daɗin komai ba.

Ɗakin da na gyara masa a bene yake, da taga mai kallon titi. Ranar farko ya bi bangon da tafin hannu ya ce wanda ya yi fentin nan shafe ɗaya ya yi ya gudu. Na yi murna, na ce ga Baba ya dawo. Amma daga wannan bai sake kushe komai ba, kuma mutumin da ya daina kushe aikin wasu, a gidanmu, ba lafiya ba ce. Yana ci, yana shan magani, ƙafarsa ta yi sauƙi, har ya yi ƙiba. Maigidana yana zama da shi su saurari rediyo. Sauran yini yana baranda, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon rufin gidajen mutane. Cikin rani Kawu ya aiko cewa tsohuwar saniyar ta kwanta ba ta tashi ba, sauran biyun kuma sun bi garke zuwa wani wuri mai nisa. Baba ya ce, "Allah Sarki," ya shiga ɗaki. Da damina ta dawo, duk ranar da aka yi ruwa sai ya tambaye ni, "Ko can ma an samu?"

Wajen tsakiyar daminar maƙwabcin nan ya sake bugo waya. Hannuna da kumfar sabulu, sai na sa ta a lasifika. Ya ce, "Don Allah ku zo ku yi wani abu da filin nan naku. Ciyawa ta fi ƙarfinmu, macizai za su kore mu daga unguwa."

Na juyo, Baba na tsaye a ƙofar kicin, ya riga ya sa hula.

Mun isa da hantsi, an yi yayyafi an ɗauke. Na buɗe gidan, muka ratsa tsakar gida, muka zagaya baya.

Ciyawa ce har ƙirji. Kore shar, mai faɗin ganye, ta cika filin ta haura shinge, ta kwanto a kan katanga. Iska na bi ta cikinta a hankali, tana sunkuyawa tana tashi, ruwan da ke jikinta na zuba da ɗan sauti kamar ana raɗa. Farar ƙasar da ya bari a sama, ruwan damina biyu ya yi mata aikin fartanya, ya kai ta har wurin saiwa. Tsohon kashin shanu da ke turke shi ma ruwa ya wanke shi ya shigar, ga kusan shekara guda ba wanda ya sa lauje. Ƙasar ta saki abin da ta damƙe.

Baba ya ajiye sandarsa ya shiga. Ina ganin hularsa tana tafiya a hankali a saman ciyawar, ta tsaya, ta yi gaba, ta karkata dama. Ƙananan tsuntsaye suna tashi a gabansa. Na kira shi, na ce ya kula da macizai, ko waiwaye bai yi ba. Ya daɗe a ciki har na fara tunanin ko zama ya yi. Da ya fito rigarsa ta jiƙe sharkaf, 'ya'yan ciyawa sun manne masa a gemu, yana murmushi shi kaɗai.

Ya miƙa hannu ta shinge, maƙwabcin ya ba shi lauje. Ya duƙa ya yi ta yanka, hannunsa na tafiya kamar jiya ya bari. Ya tara, ya murɗa igiya da ciyawar kanta, ya ɗaure dami mai kyau, ya rungumo shi a ƙirji. Ya juya da saurinsa ya nufi turke. Taku biyar ya yi, ya tsaya.

Turaku uku ne a kafe, gara ta fara cin gindinsu.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, na sani."

Ya juyo.

"Malamin gona ya gaya min tun ranar da ya zo. Ya ce sai damina ta biyu. Ya ce in gaya maka ka yi haƙuri. Ni ce ban faɗa ba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na so ya yi faɗa, na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ce, "Da kin faɗa, da damina biyu zan roƙa."

"Na sani."

"Kuma da kin ba ni. Ke ba muguwa ba ce."

Na kasa ɗaga kai. Ya gyara riƙon damin, ya sake duban turakun, ya ce a hankali, "Tsohuwar nan ba ta taɓa cin irin wannan ba." Sannan ya ce, "Uwata, wannan fa, wa zan ba?"

Maƙwabcin ya ce a kawo ya ba tumakinsa, Baba ya yi kamar bai ji ba.

Bai ajiye damin ba. Da shi ya shiga mota, ya ɗora shi a cinya ya zagaye shi da hannu biyu, ruwan ciyawar na ɗiga a kan wandonsa. Muka kama hanyar birni. Da muka iso ƙofar gidana na kashe mota, na zagayo na buɗe masa, na miƙa hannu in karɓa. Ya girgiza kai, ya fito da kansa, ya fara hawa benen da ɗai-ɗai, yana rungume da shi.